Shigar da Baƙin Kaya Cikin Wasan Labari na Tebur: Jagora Daga Tsarin Iyakar Jibiya

Wasan labari na tebur wasa ne da mutum huɗu zuwa shida kan zauna su yi da baki, inda kowane ɗan wasa yake riƙe da jarumi guda wanda aka rubuta ƙarfinsa da ƙwarewarsa da kayansa a takarda, mutum ɗaya kuma, wanda ake kira jagoran wasa, yake riƙe da sauran duniyar baki ɗaya, da garuruwanta da sarakunanta da kasuwanninta da dodanninta. Idan jarumi ya yi niyyar abin da zai iya yiwuwa ko ya faskara, sai a jefa ɗan ludo, wanda a wannan wasa yakan zo da fuska 4, 6, 8, 10, 12 ko 20, lambar da ta fito kuma ita ke yanke hukunci. Labari ɗaya yakan ci zama da yawa, wani lokaci har shekara, kuma shi ake nufi da doguwar tafiya a wannan rubutu. Mafi shahara a irin wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma tun daga wancan lokaci jagorori suke fama da tambaya guda wadda ba ta tsufa, wato abin da ya kamata a yi idan ɗan wasa ya nemi jaruminsa ya riƙe makami ko wani kaya da ba na ƙasar da labarin yake gudana ba.

Su kansu mawallafan wasan sun sauya ra'ayi fiye da sau ɗaya. A 1985 sun fitar da littafin Oriental Adventures, wanda ya kawo takobin Japan da ake kira katana da sauran makaman gabashin Asiya, kowanne da ƙa'idarsa. A bugu na uku, na shekarar 2000, an raba makamai gida uku, masu sauƙi da na mayaƙa da baƙi, aka wajabta wa mai son baƙon makami ya kashe ɗaya daga cikin baiwar da jarumi ke samu kafin ya iya sarrafa shi yadda ya kamata. Bugu na biyar, na 2014, ya soke wannan aji na uku, ya shawarci jagora ya ɗauki katana a matsayin dogon takobi mai wani suna, bindigogi kuma ya ajiye su a littafin jagora a matsayin zaɓi. Mafi yawan waɗannan littattafai sun ɗauka cewa gida shi ne Turai ta tsakiyar zamanai, sauran duniya kuma baƙi ce. Jagoran da ya kafa teburinsa a Katsina ko Maraɗi, ya gina labarinsa a kan duniya mai kama da ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, lissafinsa ya juya, domin a wurinsa lifidi da kwalkwali da kwari da baka su ne kayan gida, sulken farantin ƙarfe na jarumin Faransa kuwa shi ne baƙo. Akwai littattafan da suka fara wannan juyi, kamar Nyambe na 2002 da Spears of the Dawn na 2013, amma ba su ɗauke wa jagora nauyin yanke hukunci a kan teburinsa ba.

Abin da wannan rubutu ke nema ya kafa shi ne cewa amsar "e" ko "a'a" ba ta wadatar, kuma baƙon kaya yana bukatar ƙofar shiga mai hanya da farashi da ɗawainiya da idon hukuma. Babu inda ake ganin wannan tsari a fili kamar Magamar Jibiya, mashigar da ke kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, inda kwastan na Najeriya ke ɓangaren Jibiya, jami'an duwan na Nijar kuma suke ɓangaren Ɗan Isa. Iyakar ba tsohuwa ba ce, domin tsakanin 1906 da 1908 ne tawagar Ingila da Faransa ta kafa alamunta, ta raba mutane masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya, waɗanda sarakunansu na Maraɗi ma zuriyar sarakunan Katsina ne da jihadi ya fitar a 1807. Kayan da ke wucewa nan ba a yi musu hukunci ɗaya. Jadawalin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, yana da matakai biyar, daga kayan da ba a biya musu komai, zuwa masu kashi 5 da 10 da 20, har zuwa kashi 35 cikin ɗari a kan kayan da ake son kare masu yin irinsu a gida, bayan haka kuma akwai jerin haramtattu, kamar shinkafar waje da aka hana shigowa ta ƙasa a 2016 da motoci a farkon 2017.

Darasi mafi amfani ga jagora yana cikin abin da ya faru da aka rufe ƙofar gaba ɗaya. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ko da aka buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, Jibiya ta ci gaba da zama a rufe har Afrilu 2022, sannan aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A duk tsawon wannan lokaci shinkafa 'yar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba, sai dai ta koma ɓarauniyar hanya a bayan babura, farashinta ya hau, ribar kuma ta koma hannun 'yan fasa-ƙwauri. Haka teburin wasa yake. Ɗan wasan da aka ce masa "babu" ba tare da dalili ba yakan dawo da buƙatarsa ta wata hanya, ko ya cusa makamin cikin tarihin kakan jaruminsa, ko ya mai da kowane zama fagen gardama, ko ya daina zuwa. Littafin Tarihin Kano ya ajiye misalin ɗaya gefen, inda ya ce Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya tsananta haraji a kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, Larabawa suka tashi suka koma Katsina. Jagoran da ya yarda da baki amma ya ɗora wa kayan sharuɗɗan da ba mai iya cikawa, sakamakonsa ɗaya ne da na wanda ya hana.

Tantance kayan da aka nema

Aikin farko shi ne jagora ya tambayi ɗan wasan abin da yake so daga kayan, domin mafi yawan buƙatu na kama ne, ba na ƙarfi ba. Wanda yake son jaruminsa ya rataya takobi mai lanƙwasa irin na Istambul yawanci siffa yake nema da labarin da ke bayanta, don haka sai a ba shi lambobin takobin gida, a canza suna da bayani kawai. A bugu na biyar dogon takobi yana yin raunin ɗan ludo mai fuska 8, ko mai fuska 10 idan an kama shi da hannu biyu, farashinsa kuma zinare 15 ne, kuma waɗannan lambobi sun ishi takobin Abzinawa da kansakali da katana duka. Irin wannan kaya ya wuce ba haraji, bai kamata ma a tsaya dogon zance a kansa ba.

Wahala tana farawa idan kayan na ɗauke da lambar da ta fi ta gida, kuma a nan dole jagora ya yi ɗan lissafi kafin ya amsa. Matsakaicin abin da ɗan ludo mai fuska 8 ke bayarwa shi ne 4.5, mai fuska 10 yana ba da 5.5, mai fuska 12 kuma 6.5, don haka kowane hawa ɗaya ƙarin maki ɗaya ne a kowane sara da ya samu. A ɓangaren kariya, tun da ɗan ludo mai fuska 20 ake jefawa domin a ga ko hari ya samu, kowane maki ɗaya da aka ƙara wa kariyar jarumi yana rage damar abokin gaba da kashi 5 cikin ɗari. Sulken zobba yana ba da kariya 16 a kan zinare 75, na farantin ƙarfe yana ba da 18 a kan zinare 1,500, wato ninki ashirin na kuɗi domin ragin kashi 10. Wannan ya nuna yadda masu tsara wasan suke sayar da ƙarin ƙarfi da tsada, kuma jagoran da zai ƙirƙiri lambobin baƙon makami ya kamata ya bi wannan ma'auni, ya tabbatar duk abin da kayan suka ƙara a wani gefe sun rage a wani. Bindigar da ke littafin jagora na 2014 misali ce mai kyau, domin tana yin raunin fuska 12 inda dogon baka ke yin na fuska 8, amma nisanta na daidai ƙafa 40 ne inda na baka yake 150, ɗura ta yana hana harbi sau biyu a juyi ɗaya, kuma zinare 500 take ci inda baka ke cin 50.

Akwai wani rukuni da jagorori kan raina, alhali ya fi takobi ɓata labari, wato kayan da ba sa kisa amma suna kawar da wahalar da aka gina labarin a kanta. Madubin hangen nesa yana kashe kwanton ɓauna a fili, allurar nuna alƙibla tana rage darajar jagaban da ya san taurari da rijiyoyi, taswira mai kyau tana share rabin haɗarin ƙetare daji, maganin da ke warkar da dafin kibiya nan take kuma yana mai da maharban ƙasar abin dariya. Ba banza ba littafin 'yan wasa ya sa wa madubin hangen nesa zinare 1,000, fiye da rabin farashin sulke mafi tsada. Kafin a yarda da irin wannan, jagora ya duba zama biyar ko shida da ke gaba, ya ga ko akwai wanda kayan za su rushe, idan akwai kuma sai ya jinkirta isowarsu ko ya sake gina wannan zama.

Hanya da ɗawainiya

Bayan an san lambobin, sai a nemi hanyar da kayan suka biyo, kuma a nan tarihin ƙasar Hausa ya wadatar da jagora fiye da kowane littafin wasa. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, tsakanin 1390 da 1410, ya ce wuri ya iso a zamanin Muhammadu Sharefa, tsakanin 1703 da 1731, garkuwoyin Nufe da bindigogi a zamanin Kumbari, sannan Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Wato abubuwa da dama da yau ake gani a hawan sallah a matsayin kayan gargajiya sun taɓa zama baƙi. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zo Katsina da Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kimanin 50,000 ke shiga kasuwar Kano a shekara, mafi yawansu ƙirar garin Solingen na Jamus, a Kano ake sa musu ƙota da kube, daga nan su bazu har Abzin. Ruwan ya fito daga Turai, ya bi ta Tarabulus da Gadamas da Gat da Agadas a bayan raƙumi tsawon watanni, amma takobin da ya fito daga hannun maƙeri da baduku na Kano babu mai kiransa baƙo, har maƙeran gida sukan kwaikwayi tambarin da ke jikin na waje.

Daga wannan jagora zai iya fitar da ƙa'ida mai sauƙin aiki. Kayan da ayari ke kawowa kowace shekara ana samunsu a babbar kasuwa da ɗan ƙari a kan farashin littafi. Kayan da sai an yi saƙo suna bukatar dillali da la'adarsa, da madugun da zai ɗauko, da kuɗin fito a kowace masarauta da aka ratsa, da jira har ayarin rani ya sauka a zango, kuma ninka farashinsu sau biyu zuwa biyar bai yi yawa ba, gwargwadon nisan hanya. Kayan da ba a sayarwa sam, sai kyautar sarki ko ganimar yaƙi ko gado, waɗannan ba a shigar da su ta kasuwa, labari ake ginawa domin a same su, kuma sau da yawa neman ya fi mallakar daɗi a tebur. Yana da kyau a riƙa faɗin farashin da kuɗin ƙasar, domin a zamanin Barth wuri 2,500 ke daidai da riyal ɗaya na azurfa a Kano, wanda ke nufin mai sayen sulke yana bukatar jakuna su ɗauko masa kuɗinsa, abin da kuma ba ya ɓoyuwa ga ɓarayi.

Ɗawainiya ita ce linzamin da ya fi kowane riƙe baƙon kaya, kuma ita ce ta fi dacewa da gaskiya. Bindigar toka tana cin albarushi da dalma da ƙanƙarar kyastu, albarushi yana jiƙa da damina, kunama idan ta karye kuma ba kowane maƙeri ke iya gyara ta ba. Wannan ne ya sa bindiga ta daɗe a yankin ba ta kori baka ba. Mai Idris Alooma na Borno ya ɗauko 'yan bindiga Turkawa tun ƙarshen ƙarni na 16, amma a 1826, da matafiyi Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai hari kan garin Gobirawa na Konya, bindigogin da ya ƙirga a cikin dubban mayaƙa arba'in ne da 'yan kai, kodayake ya lura cewa bindiga ɗaya tak da ke cikin garin ta kayar da ɗan lifidin da ke kan gaba. Wannan hoto shi ne daidai abin da jagora ke so a teburinsa, makami mai ban tsoro a harbi ɗaya, wanda bai isa ya ci yaƙi shi kaɗai ba. Lamarin ya canza ne a inda aka mallaki hanyar samar da kayan, kamar Damagaram a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya tara bindigogi daga arewa, ya kuma sa aka riƙa ƙera igwa a Zinder. Saboda haka jagora ya ƙirga harsashi ɗaya ɗaya, ya sa a jefa ɗan ludo idan an yi harbi cikin ruwan sama, kuma ya sani cewa ranar da 'yan wasa suka kafa maƙerar albarushi tasu, doguwar tafiyar ta shiga wani zamani dabam, wanda ya kamata ya shirya masa tun kafin ya yarda. Yanayi ma yana da haƙƙinsa, domin mai sulken farantin ƙarfe a zafin watan Afrilu na Katsina, inda ma'auni kan haura digiri 40, ya cancanci jifan gajiya a kowane yini na tafiya, kamar yadda lifidi, da yake cushe da auduga, ya cancanci ƙarin rauni daga kibiyar wuta, ingarman arewa kuma ya cancanci ciwo idan an kai shi kurmin da tsando yake.

Ƙwarewa ba ta bukatar dogon bayani. Jarumin da bai tashi da makami ba ya riƙe shi ba tare da ƙarin makin ƙwarewa ba har sai ya sami malami ya zauna wurinsa na wani lokaci a cikin labarin, malamin kuma mutum ne mai buƙatunsa.

Idon hukuma da idon tebur

Baƙon kaya yana jawo ido, kuma jagora mai hikima yakan mai da wannan ido abin labari. Da Barth ya sauka Katsina, Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki ana ja-in-ja a kan kyauta, cikin abin da ya nema har da rokoki domin tsorata abokan gaba. Jarumin da ya shiga birni da makamin da sarki ba shi da irinsa ya sa ran Sarkin Zango zai kai labari fada, a neme shi ya kawo gaisuwa, a yi masa tayin saye wanda ƙin karɓarsa ke da haɗari, ko a sa shi cikin runduna ba da sonsa ba. Wannan ya fi rage lambobin makamin amfani, domin ɗan wasan yana jin nauyin abin da ya riƙe ba tare da an rage masa daɗinsa ba. Sai dai a nan akwai abin lura ga masu wasa a yankin Jibiya da Batsari da Safana, inda bindigar da ta tsallako iyaka ba tatsuniya ba ce, kuma a tebur za a iya samun wanda harin 'yan bindiga ya taɓa gidansu. Ya kamata a tambayi kowa tun farko ko yana son labarin ya taɓa fataucin makamai, idan mutum ɗaya ya ƙi kuma a bar shi, a tsaya a kan takubba da sulke da takarda da turare.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne a bar kayan waje su fi na gida a kowane fanni, har 'yan wasa su ɗauka cewa ci gaban jarumi shi ne ya tuɓe kayan ƙasarsa. Tarihi bai goyi bayan wannan ba, domin ayarin da ya kawo ruwan takobi da takardar Italiya mai tambarin wata uku ya koma da jar fatar Sakkwato da baƙin rinin Kano, waɗanda suke da daraja a kasuwannin arewa. Idan katana ko sulken Masar na da wata fifiko, to kibiya mai dafin kwankwani da lifidi da dokin da ya saba da ƙasar su ma su sami tasu, kuma idan jarumai suka ƙetare hamada, kayansu su zama baƙin da ake rububi.

Duk wannan ana shimfiɗa shi ne a zaman share fage, wato zama na farko da ba a fara labari, inda jagora zai faɗi ƙasashen da ke da hanyar ciniki da ƙasar labarin, da abin da ke zuwa daga kowacce, da abin da ba ya shigowa ko kaɗan tare da dalilinsa. Kowane hukunci da aka yanke daga baya a rubuta shi a littafi ɗaya da kowa zai iya dubawa, da sunan kayan da lambobinsu da farashinsu da sharaɗinsu, domin abin da aka yarda wa ɗaya an yarda wa duka, har da abokan gaba, waɗanda su ma suna da dillalai. Kayan da ake shakka a kansu a karɓe su bisa gwaji na zama uku, a faɗa tun farko cewa za a sake duba lambobin. Idan gwajin ya nuna sun yi ƙarfi, alamarsa ita ce sauran 'yan wasa sun koma 'yan kallo a lokacin faɗa, ko kowa ya fara neman irinsu, to gyaran a yi shi da magana a wajen labari, a rage ɗan ludo mataki ɗaya ko a ƙara tsadar ɗawainiya da yardar mai kayan. Aiko ɓarawo cikin dare ya sace makamin domin kawai jagora ya huta hanya ce da 'yan wasa ke ganewa nan take, kuma bayanta sukan daina yarda da duk wata asara da ta same su a labarin, ko da ta gaskiya ce. Idan kuwa dole ne kayan su fita, a mayar wa ɗan wasan kuɗinsa da baiwar da ya kashe wajen koyo, a bar shi ya zaɓi yadda jaruminsa zai rabu da su, ko ya sayar wa madugun da zai koma arewa, ko ya miƙa su gaisuwa a fada ya karɓi doki da alkyabba.